Na'urorin da Za Su Yi Gadin Gida Idan Masu Shi Sun Yi Barci

Idan aka ambaci gida mai fasahar zamani, hankalin yawancin mutane kan tafi ga gidajen attajirai na Dubai ko Abuja, inda ake kunna fitila da murya, labule ya yaye kansa. Wannan ne ya sa talaka ya ɗauka zancen bai shafe shi ba. Alhali ginshiƙin wannan fasaha wasu ƙananan na'urori ne masu gano hayaƙi, da yoyon gas, da hauhawar ƙarfin lantarki, su yi ƙara ko su yanke wuta tun mutum bai ankara ba. A ganina, gidajenmu da kasuwanninmu da makarantunmu na kwana sun fi gidan kowane attajiri bukatarsu, kuma lokaci ya yi da za a ɗauke su a matsayin wani ɓangare na gini, kamar ƙofa da taga.

Mu fara da gobara. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairun 2021, ta Katsina ta biyo baya a Maris na shekarar, sannan Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Akasarinsu cikin dare ko da asuba suka tashi, lokacin da shaguna ke garƙame. Kowa ya san yadda irin wannan kan faru: an ɗauke wuta da yamma, mai shago ya rufe ya tafi ya bar hita a jone, tsakar dare a dawo da ita da ƙarfi, tsohuwar waya ta ɗau zafi a tsakanin dilolin atamfa. Kafin mai gadi ya hango harshen wuta, aikin ya fi ƙarfin bokiti. Akwai na'urar da ake ɗaurawa kusa da mita, wadda ke yanke wuta idan ta zarce kima, ta kuma jinkirta shigarta bayan an dawo da ita. Akwai mai jin hayaƙi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, tana liƙe a silin tana aiki da batir. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa inda irinta ke aiki, haɗarin mutuwa a gobarar gida na raguwa da kusan rabi.

Wani makashin ma ko hayaniya ba ya yi. Janareta da gawayi suna fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Wanda ya shaƙe ta sai ya ji ciwon kai da kasala, ya kwanta, daga nan sai a wayi gari da gawa. Tsoron ɓarawo kan sa a shigo da janareta cikin baranda, sanyin hunturu kuma ya sa a kwana da kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Hanci ba zai ceci mai barci daga abin da ba shi da wari ba, amma na'urar da aka ƙera don gano wannan iska za ta tashe shi.

Ta fuskar aljihu ma lissafin ya sauya. An cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 kuɗin lantarkin rukunin Band A ya ninka fiye da sau uku. Mita mai kati ta koya wa magidanta ganin abin da suke sha da idonsu, ƙwan LED yana cin ƙasa da rubu'in wutar tsohon ƙwai, kuma na'ura mai jin motsi na kashe fitilar ofis idan kowa ya fita. Sai dai na'ura ba ta gyara ginin da aka ɓata tun daga zane. Ɗakin bulon siminti mai rufin kwano da 'yar taga ɗaya zai ci gaba da cinye kuɗin sanyaya iska. Magabatanmu sun yi katanga mai kauri da tubali da rufin soro, waɗanda ke riƙe sanyin dare har tsakar rana. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci lambar yabo ta zanen gine-gine ta Pritzker a 2022, ya gina makarantar Gando da ƙasa da rufi mai barin iska ta ratsa, haka Mariam Issoufou ta yi masallacin Dandaji a Nijar da tubalin ƙasa. A kan irin wannan tushe ya kamata a ɗora na'ura.

Za a ce wanda ke neman na tuwo ina ya ga kuɗin na'ura. Gaskiya ne, amma na'urar hayaƙi ba ta kai kuɗin wayar da ke aljihun yawancin 'yan kasuwa ba, kuma ƙungiyar kasuwa na iya haɗa kuɗi ta saya wa kowane layi. Za a ce babu tsayayyar wuta, babu intanet. Ai mafi amfaninsu batir kawai suke bukata. Masu fargabar kutse ta intanet suna da hujja, domin a 2016 manhajar Mirai ta mamaye dubban kyamarorin da ba a sauya musu kalmar sirri ba, don haka duk abin da ba dole sai da intanet ba, a bar shi haka. Wanda kuma ya ce gobara ƙaddara ce, malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Abin da ya rage doka ce da bibiya. Tun 2015 Ingila ta wajabta wa masu ba da haya sanya na'urar hayaƙi a kowane hawa na gida. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma aiki da shi ya yi ƙaranci. Ya kamata hukumomin tsara birane na jihohi su daina amincewa da ginin kasuwa, ɗakin kwanan ɗalibai, asibiti ko gidan haya sai da waɗannan na'urori, 'yan kwana-kwana su riƙa zagayen gwada su, hukumar kula da ingancin kaya ta tsare kasuwa daga jabu, a kuma horar da masu aikin wayarin kan ɗaura su. Kuɗin jaje da gwamnatoci ke rabawa bayan kowace gobara, da kaɗan daga cikinsa aka kashe tun farko, da shaguna da rayuka da dama sun tsira.