Masu Riƙon Amanar Fansho: Yadda Asusun Ma'aikatan Birnin Detroit Ya Samu Giɓi

Fansho bashi ne da hukuma take ɗauka a wuyanta tun ranar da ta ɗauki ma'aikaci, amma ba ta fara biyansa sai bayan shekaru ashirin da biyar ko talatin, kuma wannan tazara mai tsawo ita ce tushen wahalar kula da shi, domin wanda ya yi alkawarin ba shi ne zai cika shi ba. Magajin garin da ya amince da ƙarin fansho a bana ya san cewa wa'adinsa zai ƙare tun kafin nauyin ya sauko, ma'aikacin da aka yi wa alkawarin kuma ba shi da hanyar ganewa ko ana ajiye kuɗin da gaske sai ƙarfinsa ya ƙare, lokacin da ba zai iya komawa neman wani aiki ba. Saboda haka ne biranen Amurka da dama suke raba asusun fansho da baitulmalin gari, su danƙa shi ga kwamitin amintattu, wato mutanen da doka ta ɗora wa alhakin tsare kuɗin da juya shi don amfanin ma'aikata da 'yan fansho kaɗai. Birnin Detroit na jihar Michigan yana da irin wannan tsari, da kwamitoci da dokoki da masana lissafi, amma duk da haka a ranar 18 ga Yulin 2013 ya shigar da ƙara kotun tarayya yana bayyana cewa ya karye, da bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18, wanda shi ne karayar birni mafi girma a tarihin ƙasar.

Tsarin da Detroit take bi kafin karayar shi ne wanda ake ƙayyade abin da ma'aikaci zai karɓa tun farko, ana lissafa shi da yawan shekarun aiki da albashin ƙarshe, kuma idan kuɗin asusu ya gaza hukumar gari ce za ta cike. Asusu biyu ne: ɗaya na 'yan sanda da ma'aikatan kashe gobara, ɗaya kuma na sauran ma'aikata, irin su direbobin bas da ma'aikatan ruwa da akawu. Kuɗi yana shiga ta hanya uku, wato abin da hukumar gari take zubawa duk shekara, da abin da ma'aikata suke ajiyewa, da ribar da ake samu daga juya kuɗin a hannun jari da takardun lamuni da gidaje. A kwamitin da ke kula da kowane asusu akwai wakilan da ma'aikata suka zaɓa, akwai kuma ɓangaren hukuma, kamar magajin gari da ma'aji da ɗan majalisar birni. A takarda wannan haɗi yana da kyau, tunda kowane ɓangare zai sa wa ɗaya ido, sai dai akwai wurin da muradinsu ya haɗu: ma'aikata suna son a ƙara musu abin da za su karɓa, hukuma tana son a rage mata abin da za ta zuba, kuma akwai hanyar da za a faranta wa dukansu rai a lokaci guda ba tare da kowa ya ji ciwo nan take ba.

Hanyar ita ce ƙiyasin riba. Masanan lissafin fansho, waɗanda aikinsu shi ne hasashen yawan shekarun da 'yan fansho za su rayu da adadin kuɗin da ya kamata a ajiye yau domin biyansu gobe, ba sa iya yin lissafi sai kwamiti ya yanke musu ribar da yake sa ran asusun zai riƙa samu a kowace shekara. Idan ana so a biya wani dala 100 nan da shekara 20, kuma aka ɗauka cewa kuɗi zai riƙa haihuwar kashi 8 cikin 100, to dala 21 da ɗoriya ta isa a ajiye yau. Idan kuwa aka ɗauki kashi 6.75, sai an ajiye dala 27. Bambancin dala shida ba ya tayar da hankali, amma idan aka ninka shi a kan alkawarin biliyoyin daloli sai ya zama kuɗin da zai iya girgiza kasafin birni. Kafin karayar, asusun sauran ma'aikata na Detroit yana lissafi da kashi 7.9, na 'yan sanda da kashi 8, kuma a wancan lokaci birane da jihohi da yawa a Amurka suna amfani da alkaluma makamantan waɗannan. Laifin da ya bambanta Detroit shi ne abin da ta riƙa yi a shekarun da riba ta wuce wannan ƙiyasi.

A irin waɗannan shekaru kwamitin asusun sauran ma'aikata yakan ɗauki abin da ya haura a matsayin rara, ya raba shi: 'yan fansho su sami ƙarin biya ɗaya bayan na watanni goma sha biyu, wanda aka fi sani da cak na goma sha uku, ma'aikatan da ke bakin aiki a ƙara musu kuɗin ruwa mai tsoka a ajiyarsu, wani kaso kuma a rage wa hukumar gari abin da za ta zuba. Daga 1985 zuwa 2008 abin da aka raba ta wannan hanya ya kusa dala biliyan 1. Kuskuren da ke ciki a bayyane yake ga wanda ya fahimci ma'anar ƙiyasin, domin kashi 7.9 matsakaici ne na dogon lokaci, wanda ake sa ran shekarun alheri za su cike giɓin shekarun asara, kamar yadda manomi yake ajiye hatsin damina mai albarka saboda shekarar fari. Da aka rabe rarar shekarun alheri, sai asusun ya zauna da asarar munanan shekaru ita kaɗai, kuma ribar da waccan rara za ta haifa cikin shekaru ashirin ita ma ta tafi. Bai dace a zargi tsohon direban bas da ya karɓi cak ɗinsa ya biya kuɗin wuta ba, tunda ba shi aka ɗora wa karanta rahoton masana ba. Masu alhakin su ne amintattun da suka san lissafin, ko ya wajaba a kansu su sani, suka ɗaga hannu suka amince shekara bayan shekara. Majalisar birnin ba ta haramta wannan al'ada ba sai a 2011.

Yayin da ake haka garin kansa yana ta ramewa. Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, tana da mutane kimanin miliyan 1.85 a 1950, amma a ƙidayar 2010 ba su wuce 714,000 ba, kuma masana'antu da masu hali sun koma bayan gari da harajinsu. A lokacin karayar, 'yan fansho sun haura 20,000, ninki biyu na ma'aikatan da suka rage.

A 2005 da 2006, a zamanin magajin gari Kwame Kilpatrick, hukumar birnin ta ciyo bashin kusan dala biliyan 1.44 domin ta zuba a asusun biyu, ta hanyar wasu kamfanoni da aka ƙirƙira musamman don a kauce wa iyakar bashin da dokar jiha ta gindaya wa birane. An kuma ƙulla yarjejeniya da bankunan UBS da Merrill Lynch, wadda a ƙarƙashinta birnin zai ci riba idan kuɗin ruwa ya hau, ya yi asara idan ya sauka. Da rikicin tattalin arzikin 2008 ya zo kuɗin ruwa ya faɗi ƙasa warwas, jarin asusun ya zube, birnin kuma ya wayi gari yana biyan bankuna da harajin gidajen caca. Abin da aka yi a nan shi ne musanya bashin da ake bin hukuma a gida da wanda ake bin ta a kasuwa, ba tare da an taɓa dalilin giɓin ba. A kan wannan aka ƙara rashin gaskiya: a Disambar 2014 kotun tarayya ta sami tsohon ma'ajin birnin, Jeffrey Beasley, wanda yake zama a kwamitocin biyu, da laifin haɗa baki wajen karɓar cin hanci daga masu neman a zuba kuɗin fansho a harkokinsu, aka kuma yanke masa ɗaurin shekara 11. Almundahana ita ce ta fi jan hankalin jaridu, amma kuɗin da ta ci bai kama ƙafar abin da aka rasa ta hanyoyin da doka ta halatta ba.

Ma'aikatan sun daɗe suna dogaro da tsarin mulkin jihar Michigan na 1963, wanda ya ce fanshon da ma'aikacin gwamnati ya riga ya tara alkawari ne da ba za a rage ko a tauye ba. Kevyn Orr, lauyan da gwamna Rick Snyder ya naɗa a Maris ɗin 2013 ya karɓi ragamar kuɗin birnin, ya ƙiyasta giɓin asusun biyu a dala biliyan 3.5, adadin da kwamitocin suka musanta suna cewa ya zuzuta. A Disambar wannan shekara alƙali Steven Rhodes ya yanke hukunci cewa a gaban dokar karaya ta tarayya fansho kwantiragi ne kamar kowane kwantiragi, saboda haka ana iya rage shi. Wannan hukunci ya shafi masu karatu a Najeriya ta wata fuska, domin sashe na 173 da na 210 na tsarin mulkin 1999 su ma sun kare fanshon ma'aikatan tarayya da na jihohi daga tauyewa, amma kariyar ba ta hana tsofaffi jiran garatuti na shekaru ba. Dokar gyaran fansho ta Najeriya ta 2004, wadda aka sake a 2014 ta ɗora kashi 8 a kan ma'aikaci da kashi 10 a kan wanda ya ɗauke shi aiki, ta raba kamfanin da ke juya kuɗi da wanda ke ajiye shi ne saboda an gane cewa kalmar doka ba ta biyan kowa idan asusu babu komai.

Abin da ya sassauta wa 'yan fanshon Detroit ya fito daga inda ba a zata ba, wato gidan adana zane-zane na birnin, wanda a lokacin yawancin kayansa mallakar hukuma ne, har da ayyukan Van Gogh da Bruegel, kuma masu bin bashi sun matsa a sayar da su. Alƙali Gerald Rosen, mai shiga tsakani, ya haɗa wata yarjejeniya ta dala miliyan 816 cikin shekara 20, wadda gidauniyoyi irin su Ford da Kresge, da gwamnatin jiha, da masu tallafa wa gidan zanen suka ɗauki nauyi, bisa sharaɗin kuɗin ya tafi ga fansho kaɗai, zane-zanen kuma su fita daga hannun hukuma zuwa wata amana mai zaman kanta. An ba 'yan fansho zaɓi tsakanin ragi kaɗan tare da yafe haƙƙinsu na ƙara, ko ragi mai tsanani, wanda ga sauran ma'aikata ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, sai kashi 73 na sauran ma'aikata da kashi 82 na 'yan sanda da masu kashe gobara suka amince, kotu ta tabbatar a ranar 7 ga Nuwambar 2014.

An rage wa sauran ma'aikata kashi 4.5, aka soke ƙarin da ake musu duk shekara saboda tsadar rayuwa. Ga wanda yake karɓar dala 19,000 a shekara, wanda shi ne kimanin matsakaicin fanshonsu, ragin ya kama dala 855, amma soke ƙarin shekara ya fi ciwo, domin kuɗinsa ya tsaya cak yayin da farashin magani da haya suke tafiya. Waɗanda aka zuba wa kuɗin ruwa fiye da kima tsakanin 2003 da 2013 an bi su an karɓo wani kaso, har ragin wasu ya kai kashi 20. 'Yan sanda da masu kashe gobara, waɗanda ba sa cikin tsarin tallafin tsufa na gwamnatin tarayya, ba a taɓa asalin fanshonsu ba, an dai rage ƙarin shekararsu daga kashi 2.25 zuwa kimanin kashi 1. Mafi munin asara ita ce ta kula da lafiya, wadda aka zabge kusan kashi 90 nata, kuma dalilin yana da muhimmanci: alkawari ne da ba shi da asusu ko kariyar tsarin mulki, ana biyansa ne daga kasafin kowace shekara, don haka da kasafin ya rushe babu abin da aka tarar a ajiye.

Gyaran da aka yi wa shugabancin asusun ya nuna inda aka gano ciwon yake. An rufe tsohon tsarin a tsakiyar 2014 aka buɗe sabo mai ƙarancin alkawari, aka saukar da ƙiyasin riba zuwa kashi 6.75, aka kuma kafa kwamitin zuba jari a kowane asusu wanda mafi yawan mambobinsa masana ne da ba ma'aikatan birnin ba, ba kuma 'yan siyasarsa ba, aka ba shi iko a kan inda za a sa kuɗi da alkaluman da za a yi lissafi da su. An ɗage wa hukumar birnin yawancin biyan tsohon bashin fansho na kusan shekara goma domin ta farfaɗo, amma ba a jima ba aka gano cewa lissafin kotun ya dogara da tsohon jadawalin tsawon rai, alhali 'yan fansho suna rayuwa fiye da yadda aka ɗauka, wanda ya sa nauyin da ke jiran birnin ya fi wanda aka tsara. Gwamnatin magajin gari Mike Duggan ta buɗe wani asusun ko-ta-kwana a 2017, ta tara masa sama da dala miliyan 400 kafin biya ya dawo a shekarar kuɗi ta 2024. Ko a nan ma tsohuwar jayayyar ta sake tasowa, domin asusun 'yan sanda da masu kashe gobara ya nemi a cike giɓinsa cikin shekara 20 saboda kuɗi ya shigo da wuri, hukumar birnin ta dage a kan shekara 30 don biyan shekara-shekara ya yi mata sauƙi, kuma a Yunin 2023 alƙali Thomas Tucker ya ba hukumar gaskiya.