Daren da Kwafi Uku Suka Goge Mana Bashi

Daren da na fi tsorata a aikina, babu na'urar da ta mutu, wuta ma ba a ɗauke ba.

Muna kula da rumbun bayanan wata ƙungiyar ba da rance, mun ɗora shi a kan Kubernetes, manhajar da Google ya fitar a 2014 domin sarrafa kwantenoni, wato ƙananan akwatunan da manhajoji ke gudana a ciki. Kwantena ta faɗi, nan take a tayar da wata. Sai dai bayanai ba sa jure irin wannan sauyi, dole kowace kwantena ta riƙe sunanta da faifanta na dindindin, aikin da StatefulSet ke yi. Muka raba rumbun gida uku bisa tsarin Raft: ba a tabbatar da rubutu sai biyu cikin ukun sun amince. Ɗaya ta lalace, aiki ya ci gaba. Na yi ta alfahari da wannan, har a gaban shugabannin ƙungiyar.

Ran nan wani abokin aikina, da zaton yana wurin gwaji, ya goge jadawalin masu bashi. Kwafi ukun suka amince cikin ƙiftawar ido, domin Raft ba ya tambayar ko umarni kuskure ne. Yarjejeniya kawai yake nema.

Muna da ajiya ta daban, amma ba mu taɓa gwada dawo da ita ba. Ta dawo da asuba, da giɓin kwanaki. Sauran muka cike daga rasiɗan takarda da wata ma'aji ta ƙi yarda a zubar.