Yadda A Ke Gane Yoyon Gas

Dā can, duk matar da za ta yi girki a ƙasar Yauri sai ta nemi itace ko kara. Har yanzu ma da itace matan masunta su ke bandar kifi a bakin Tafkin Kainji. Amma in kun zaga Yelwa, ko Wara ta ƙasar Ngaski, ko Shanga, za ku tarad da waɗansu gidaje da masu shayi sun koma dafuwa da gas.

Shi wannan gas, a cikin tukunyarsa ta ƙarfe kamar ruwa ya ke, gama an matse shi ƙwarai. Da ya sami 'yar kafa sai ya zama iska ya bazu. Kwano guda na ruwansa ya kan zama iska fiye da kwano 200. In ya taru a ɗaki, ƙyastin ashana ɗaya ya isa ya ta da gobara.

Asalinsa gas ba shi da launi, ba shi kuma da wari. Warin nan da ku ke ji mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, da gangan a ke zuba masa shi. A shekarar 1937, a wani gari da a ke kira New London cikin jihar Texas ta Amurka, gas ya yi ta yoyo a ƙarƙashin wata makaranta, ba wanda ya sani. Rannan aka kunna wani inji, sai ginin ya fashe. Yara da malamai wajen 300 suka rasu. Daga nan hukumar jihar ta kafa doka, lalle a riƙa sa wa gas wari.

To, amma hanci ba abin dogara ba ne kullum. Mai mura ba ya jin wari, mai barci ma haka, wanda kuma ya daɗe cikin wari sai hancinsa ya saba. Ko an ji warin ma, hanci ba ya nuna daidai inda kafar ta ke. Saboda haka aka ƙera wata na'ura ta hannu, girmanta kamar na tocila, mai aiki da batir. Waɗansu suna da dogon wuya mai lanƙwasuwa. A bakinta akwai wani ɗan abu da batir ke ɗumamawa, wanda ya kan canja hali in gas ya taɓa shi, sai na'urar ta yi ƙara.

Mai aiki da ita ya kan kunna ta a waje, inda iska ke da tsabta, ya jira ta shirya. Sa'an nan ya shiga, ya bi da bakinta sannu a hankali kan tukunyar, da tiyon roba, da inda tiyon ya haɗu da murhu. Gaggawa ba ta da amfani a nan. Tiyo ya fi son a lura da shi, domin zafi ya kan tsattsaga shi, ɓera kuma ya kan ci shi. In an kusato kafar, sai ƙarar ta yi ta sauri, fitilarta ta yi ja.

Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, watau ƙasa ya ke kwanciya, ya cika rami da ƙarƙashin gado. Don haka kusa da daɓe a ke nemansa. Gas irin wanda a ke turawa ta bututu kuwa sama ya ke tashi, sai a neme shi wajen rufi.

Inda babu na'urar, a kan kaɗa ruwan sabulu a shafa a mahaɗar. In kumfa ta yi ta tasowa, nan ne yoyon. Kada a kuskura a gwada da ashana.

Ku yara, wannan bincike aikin manya ne. In kun ji warin gas, kada ku taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, gama ya kan yi tartsatsi. Ku bar ƙofa a buɗe, ku ja ƙannenku ku fita, ku kira babba ya rufe kan tukunyar, ya fid da ita fili nesa da wuta.