Kyanwa Mai Launi Uku

Ya mai karatu, in ka zaga Jos, ko Gangare ko Unguwar Rogo, ka ga kyanwa mai launi uku, baƙi da ja da fari, to kusan kullum mace ce. Dalilin abin kuwa yana jikinmu mu ma.

Jiki da ƙwayoyin halitta aka gina shi, ƙanana ƙwarai. Cikin ƙwayar mutum akwai ɗauri 46 na umarnin gado, ana ce da su kuromosom. Mace tana da guda biyu masu suna X, namiji ɗaya tak, sai Y. To, in X biyu suka yi aiki tare abin ya yi yawa, kamar malamai biyu ne suna magana a aji ɗaya. A 1961 wata Baturiyar Ingila, Mary Lyon, ta lura da launin gashin ɓeraye, ta gane tun cikin yana ƙarami kowace ƙwayar mace takan rufe bakin X ɗaya.

Wa ke rufewa? Sai a 1991 aka gano shi. Waɗansu RNA da muka sani 'yan aike ne, sukan kwafo umarni su kai inda ake haɗa furotin. Amma akwai waɗansu dogaye, masu haruffa fiye da 200, waɗanda ba sa kai saƙon furotin. Wannan ɗaya ne daga cikinsu, sunansa XIST. Ba ya zuwa ko'ina. Sai ya lulluɓe X ɗin da ya fito daga gare shi kamar mayafi, ya kirawo furotin su ƙudundune shi tamau, har yawancin umarninsa ya ƙi karantuwa. Ƙwayoyin da suka fito daga wannan ƙwaya kuma haka za su gada.

Ita kyanwa, ja yana X ɗaya, baƙi yana ɗayan. Nan a rufe wannan, can a rufe wancan, sai ta fito dabbare-dabbare. Farin dai dalilinsa dabam ne.

Kada ka ce zancen kyanwa ne kawai. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Nijeriya, a X yake. Namijin da ya gada, maganin zazzaɓi irin primaquine yana iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Macen da ta gada ta gefe ɗaya kuwa jininta gauraye ne, waɗansu ƙwayoyin lafiyayyu, waɗansu raunana, har gwajin gaggawa yakan nuna lafiya lau alhali maganin zai iya cutar da ita.