Yadda ake ceto kwamfutar da ta mutu a wata ƙasa

Da yawa daga cikinmu ba mu manta da ranar Litinin 4 ga watan Oktoba na shekarar 2021 ba. Bayan la'asar WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya, ba su dawo ba sai bayan kimanin awa shida. Daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, mai jiran hoton kaya ya yi ta jira, mai neman canjin sefa ya koma buga waya. Wasu suka ɗora wa kamfanin waya laifi, alhali kuwa matsalar tana can cikin gidan Facebook.

Duk saƙon da muka tura, da kuɗin da muka aika ta waya, sai sun bi ta wasu manyan kwamfutoci da ake kira uwar garke, wato saba a bakin masu sana'ar. A jere suke cikin ɗakuna masu sanyi, ba allo, ba mai zama a gabansu. Mafi yawansu suna aiki ne da babbar manhajar Linux, wadda wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Ba a ɓoye sirrin yadda aka rubuta ta ba, kowa na iya ɗauka kyauta, ya duba, ya gyara.

To, wa ke kula da su? Injiniya ne da ƙila bai taɓa ganin na'urar da idonsa ba. Yana zaune a Yamai ko Kano, ita kuwa tana Faransa. Yana shiga ne ta wata ƙofa da ake kira SSH, wadda wani ɗan Finlan ɗin kuma, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro a 1995 bayan an yi satar kalmomin sirri a jami'arsu. Ta nan yake rubuta umarni a ɓoye, na'urar ta aikata, kamar yadda maigida ke ba yaron shago saƙo ta waya.

Sai dai wannan ƙofa tana buɗewa ne muddin na'urar na raye kuma hanyar intanet na nan. Injiniya na iya gyara katangar tsaro, ya yi kuskuren layi ɗaya, ya toshe kansa a waje. Mai shago ke nan ya ja ƙofa, kwaɗo ya kama, makulli na ciki. Shi ya sa tsofaffin hannu, kafin su taɓa katangar, suke barin umarni cewa idan minti goma ya wuce ba su soke shi ba, na'urar ta mayar da komai yadda yake da.

Idan kuwa na'urar ce ta ƙi tashi, sai a nemi ƙofar baya. A cikin kowace babbar uwar garke akwai wata 'yar kwamfuta mai zaman kanta, da igiyarta daban, wadda ba ta barci muddin akwai wuta. Kamfanin Dell na kiran tasa iDRAC, ta HP kuma iLO. Ta nan injiniya zai ga allon na'urar kamar yana tsaye a gabanta, ya kashe ta, ya kunna, ya tashe ta da wata Linux ta ceto, ya binciki faifan ajiya, ya gyara abin da ya ɓaci. Sau da yawa ma tsohuwar zuciyar manhajar tana nan a ajiye, sai ya zaɓe ta a maimakon sabuwar da ta kawo cikas.

Abin da ya sami Facebook, kamar yadda kamfanin da kansa ya bayyana, shi ne an ba da wani umarni a lokacin aikin kulawa na yau da kullum, sai ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsu. Manhajar da aka sa ta tare irin wannan kuskure ita ma tana da tangarɗa, ba ta tare ba. Suka juya ga ƙofar baya, suka iske ita ma ta tafi. Dole aka tura injiniyoyi da ƙafa zuwa inda na'urorin suke, kuma shiga wurin ya ci lokaci, domin an tsara shi ne don ya yi wuyar shiga. Mu a ganinmu ƙofar bayan da za ta rufe tare da ta gaba, sunanta kawai ƙofa.

Akwai kuma ranar da ba ƙofar da za ta yi amfani. A 10 ga Maris na 2021 gobara ta cinye wani gini na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa. Waɗanda suka ajiye kwafin bayanansu a wani gari sun tashi a sabuwar na'ura. Wasu da kwafinsu ke wuri guda da na asali sun rasa duka.

Yanzu da 'yan kasuwarmu ke barin littafin bashi suna komawa manhaja, wannan magana ta shigo gida. Wanda aka kafa masa irin wannan tsari ya zaunar da yaron da ya kafa, ya tambaye shi inda na'urar take, da sunan wa aka yi hayarta, da yadda zai shiga in ƙofar gaba ta rufe. Ya tambaye shi inda kwafin yake, sannan ya sa shi ya dawo da lissafin jiya daga cikin kwafin a gabansa, ya gani da idonsa. Makullin shiga kuma kada ya tsaya a hannun mutum ɗaya. A rubuta shi a takarda, a ajiye tare da takardun shago.