Yadda Taimakon Kuɗi Ke Mayar Da Kaza Akurkin Talaka

Hausawa na cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuwa bai nuna ba, ya san inda wannan karin magana ta samo asali. A irin wannan lokaci ne uwargida kan kama kazarta guda tilo, mai yiwuwa ma tana gab da kwanci, ta ɗaure mata ƙafafu ta ba yaro ya kai kasuwa, domin a auno hatsi ko a sayo wa jariri magani. Ta san sarai cewa da ta yi haƙurin wata guda da kazar ta ba ta 'yan tsaki goma, amma yunwa ba ta san haƙuri ba. Haka gida kan wayi gari akurki ba kowa, kuma abin da aka sayar rana ɗaya sai a shekara ba a mayar da shi ba.

Wannan ne ya sa ya kamata masu karatu, musamman ma'aikatan hukuma da ɗalibai, su dubi abin da ya faru a wuraren da aka gwada ba talakawan karkara taimakon kuɗi hannu da hannu, ba tare da an gindaya musu sharaɗin abin da za su saya ba. Mutane da yawa sun ɗauka kuɗin za su ƙare ne a biki da kayan ado. Binciken da aka yi ya nuna cewa kaso mafi girma abinci yake tafiya, sa'an nan daga cikin ɗan abin da ya rage, kaza da akuya suna cikin abubuwan da mata kan fara saya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne shirin tallafa wa mata masu juna biyu da aka gudanar a jihohin Jigawa da Zamfara daga 2013 zuwa 2019, da kuɗin gwamnatin Ingila, ta hannun ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger. An yi shi a ƙananan hukumomi biyar, watau Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, da Anka da Tsafe a Zamfara. Kowace mace da aka rubuta sunanta tana karɓar Naira 3,500 a wata, daga baya aka ƙara zuwa Naira 4,000, tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara biyu. Manufar shirin ita ce lafiyar yara, ba kiwo ba. Amma da masu bincike suka koma suka auna, ban da raguwar tsumburewar yara, sai suka tarar matan da suka karɓi kuɗin sun fi sauran mallakar dabbobi na ƙashin kansu, sun kuma fi su kama 'yar sana'a.

A Jamhuriyar Nijar ma an ga irin wannan. Tsakanin 2011 da 2012 an ba mata a wasu ƙauyukan jihohin Tawa da Tilaberi Sefa 10,000, watau jika goma a lissafin mutanen can, kowane wata har wata goma sha takwas. Bayan an daina biya da shekara ɗaya da rabi, an koma an tarar gidajen nan suna da dabbobi fiye da takwarorinsu, matan kuma ba su daina zubin adashi ba. A Malawi, inda aka fara irin wannan shiri a gundumar Mchinji cikin 2006, da kuma Zambiya, inda aka fara wani cikin 2010, yawan gidajen da ke da kaji ya ƙaru a fili.

To, me ya sa kaza? Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san zaman karkara. Saniya ta fi ƙarfin matalauci, akuya ma sai an yi tari, amma sagarar kaza ana iya sayenta da rarar kuɗin wata ɗaya ko biyu. Ba ta bukatar makiyayi, ba ta bukatar fili. Da safe a watsa mata tsaki ko dusa, a zuba ruwa a kasko, sauran abincinta ita ke nema a bayan gida da bakin rumbu. Mai ƙwazo kan kafa tukunyar gara saboda 'yan tsaki. Har ila yau, a yawancin gidajenmu kaza dukiyar mace ce. Maigida ba ya sayar da ita sai da izinin mai ita, macen da ke cikin kulle kuma tana iya kiwonta ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Lissafinta kuma mai sauƙi ne. Kazar gida takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta kwanta a kansu kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon kamar wata biyu, sa'an nan ta koma nasa ƙwai. A shekara takan yi haka kamar sau uku. 'Yar tsakuwar da ta tsira, a wata shida ko bakwai ita ma ta zama uwa. Da damina wasu kan sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe musu, tun da zabuwa ba ta iya reno ba, ga shi kuwa zabo ya fi kaza tsada. Idan an sayar da zakaru an haɗa da kwasar adashi, sai a kai ga akuya, daga akuya kuma a kai ga ragon da za a turke don Babbar Salla.

Amma a ganina, babban aikin da kuɗin ke yi ba a wajen sayen kazar yake ba. Mace da yawa ta sha samun kaza ta hanyar kyauta ko gudummawar suna, ta kuma rabu da ita kafin ta yi kwancin fari. Abin da taimakon wata-wata ke canzawa shi ne, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi akwai abin zuwa asibiti, ranar da tukunya ta rasa abin dafawa an san kwana nawa ya rage a biya, mai kanti ma ya fi yarda ya ba da bashi. Saboda haka sai a bar kazar ta gama kwancinta. Shi ya sa biya a kan kari ya ke da muhimmanci kamar yawan kuɗin. Shirin Gwamnatin Tarayya da aka fara cikin 2016 ya tsara ba kowane gida Naira 5,000 a wata, a wancan lokaci ana haɗawa a biya Naira 10,000 duk wata biyu, har aka sa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido a cikinsa. Duk inda biya ya yi jinkiri na watanni, abin da aka tara shi ake fara sayarwa, hauhawar farashi kuma ta cinye darajar Naira 5,000 ɗin tun ba a je ko'ina ba.

Akwai kuma abokin gaba wanda kuɗi kaɗai ba ya korarsa. Shaho da shirwa da muzuru da ruwan sama kan ɗauke rabin 'yan tsaki ko fiye kafin su girma, wannan kuwa akurki mai kyau da kwandon rufe su na makonnin farko yana rage shi ƙwarai. Babbar musiba ita ce annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda ta fi tsanani da hunturu. Kaza takan saki fukafukai, ta yi koren kashi, numfashi ya gagare ta, wani lokaci wuya ya murɗe. Cikin mako guda tana iya share kajin unguwa. Sau da yawa kuma daga kasuwa take shigowa, domin da mutum ya ga kajinsa sun fara layi sai ya yi maza ya kai su kasuwa a farashi mai rahusa. Wace ce za ta saya? Ita ce matar nan da ta karɓi kuɗinta jiya, tana neman mai araha. Don haka duk kazar da aka sayo, a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

Cutar ba ta da magani in ta kama, amma tana da rigakafi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wani irin rigakafi mai suna I-2, wanda aka fara samarwa a Ostireliya saboda kajin ƙauye. Ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Wahalarsa ita ce kwalba guda ta kaji masu yawa ce, in an haɗa ta da ruwa kuma ba ta daɗewa, ga shi mai kaji biyar ba za ta biya kuɗin mota zuwa gari saboda su ba. Sai dai a haɗu a yi wa kajin unguwa gaba ɗaya rana guda.

A nan ne hukumomin Nijar suka ƙara taku ɗaya. Sun haɗa wa matan da ke karɓar taimakon wata-wata ƙungiyoyin ajiya da koyon sana'a da mai ba su shawara, wasunsu kuma aka ba su jari na Sefa 80,000 a dunƙule. Sakamakon da aka buga a mujallar Nature cikin 2022 ya nuna samunsu da abincin gidajensu sun ƙaru fiye da na waɗanda suka tsaya ga kuɗin wata kawai.

Mu a nan, ofishin da ke biyan kuɗin dabam, ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi dabam, ko da yake ƙauye ɗaya suke zuwa, mata ɗaya kuma suke yi wa aiki. Ranar biya ita ce ranar da matan ƙauye ke taruwa wuri guda, kuma an san ta tun kafin ta zo. Ba wani kuɗi mai yawa zai ci ba idan shugaban sashen gona na ƙaramar hukuma ya aika malamin dabbobi wurin, ya rubuta yawan kajin kowace unguwa, ya sa musu ranar da zai dawo da kwalbarsa, ɗaya kafin hunturu ya shigo, ɗaya kuma kafin faɗuwar damina.