Abin da Ke Cin Gadojinmu Ta Ƙarƙashi, da Yadda Wayar Hannu Za Ta Iya Tona Shi

Duk wanda ya taso daga Kano ya nufi Gaya ko Ajingi, sai ya hau gadar Wudil. Direba ya ɗan rage gudu, fasinja ya leƙa ta taga ya hango masunta da kwale-kwalensu, ga masu ɗibar yashi, ga tifofi a bakin kogi suna jiran lodi. Kafin ka ce kwabo an wuce. Daga nan har Gaya, har ka ratse zuwa ƙauyukan mazaɓar Balan, za ka taka ƙananan gadoji da kwalbatoci da dama ba tare da ka san ka taka ba, domin daga cikin mota titi kawai ake gani. Ita kuwa gada, ciwonta a ƙasa yake farawa, inda babu mai leƙawa sai ɗan kiwo da ya shiga neman inuwa.

A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke wannan babbar hanya ta Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum ta jihar Bauchi, motoci suka yi cirko-cirko ta kowane ɓangare. A cikin watan ne kuma gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a jihar Taraba ta rufta. A watan Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Dukkansu a damina guda. Mutanen Kano masu shekaru kuwa ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba.

Yadda ruwa ke kwance wa gada zani

Bincike a ƙasashen da ke ajiye lissafin gadojinsu ya nuna abu ɗaya: ruwa ne kan gaba wajen kayar da gada. Wani nazari da aka yi kan gadoji sama da 500 da suka faɗi a Amurka tsakanin 1989 da 2000 ya gano cewa fiye da rabinsu ambaliya ce da zaizayar gindi suka ci su. Girgizar ƙasa da gobara da karon mota duk a baya suke.

Ga yadda abin yake. Rafi yana tafe a faɗinsa, sai ya iso inda aka yi gada ko kwalbati, aka matse masa hanya. Ruwan da aka matse dole ya ƙara gudu, kamar yadda yake feshi idan ka danne bakin tiyo da yatsa. Idan ya daki ginshiƙi, wani ɓangarensa yana nutsawa ƙasa ya riƙa juyi a gindin ginshiƙin, yana kwashe yashi kaɗan-kaɗan har ya haƙa rami. Akwai tsohuwar ƙa'ida da injiniyoyi ke kawowa, cewa idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, nauyin tsakuwar da zai iya turawa kan ninka har sau 64. A ƙasa mai rairayi irin ta gabashin Kano, ruwa ba ya ma shan wahala.

Muguntar zaizayar gindi ita ce tana ɓoye sawunta. Ramin yana kai matuƙar zurfinsa ne lokacin da ruwa ya cika maƙil, sa'ilin da babu mai iya gani. Da ruwan ya fara janyewa sai ya sake cike ramin da sabon yashi mai laushi. Ka zo da rani ka ga wuri sumul, alhali ƙasar da ke riƙe da tushen ginin ta riga ta saki. Haka ta faru da gadar Schoharie a jihar New York ranar 5 ga Afrilun 1987: ruwa ya rarake ƙarƙashin ginshiƙi, gadar babban titi ta zube, mutum 10 suka rasu.

A ƙananan kwalbatocin karkara kuma, sau da yawa kankaren yana nan daram, hanyar ce ke tafiya. Karan dawa da leda da reshen bishiya su toshe bakin, ruwa ya taru ta baya kamar tafki, ya nemi mafita ta gefen ginin, ya cinye cikon ƙasar da ke haɗa kwalbatin da hanya. Gari ya waye ka ga kwalbati tsaye ita kaɗai a tsakiyar kwari, babu hanya gaba babu baya. Wanda ya saba bin hanyoyin ƙauye da babur a watan Agusta ya san wannan hoton. Kuma ranar da hakan ta faru, mai naƙuda da za a kai asibiti a Gaya da mai dabbar da zai kai kasuwar Wudil ranar Juma'a su ne ke fara biyan kuɗin.

Maganar yashi

Wannan batu ne mai ɗaci, domin abincin mutane ne. Birnin Kano yana ta faɗaɗa, kowane bulo yashi yake so, kuma kogunan da ke kewaye ne ke bayarwa. Amma idan aka kwashe yashi kusa da gada, musamman ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, ƙasan kogin yana yin ƙasa, kuma wannan ramin yana tafiya da baya-baya shekara bayan shekara har ya iso gindin ginshiƙai. Tushen da aka binne mita kaza a cikin ƙasa sai ya wayi gari rabinsa a fili.

Ƙasar Fotugal ta ga ƙarshen wannan. Ranar 4 ga Maris 2001 gadar Hintze Ribeiro da ke kan kogin Douro, wadda ta haura shekara ɗari, ta karye da dare lokacin ambaliya. Bas guda da ƙananan motoci uku suka faɗa ruwa, mutum 59 suka mutu. Shekarun da aka yi ana ɗibar yashi a kogin na cikin manyan dalilan da aka gano, kuma ministan da ke kula da ayyuka ya ajiye muƙaminsa. Ba na cewa a hana masu yashi sana'a. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a shata tazarar da tifa ba za ta yi lodi ba daga kowace gada, a kafa alama, a sa mai unguwa da 'yan ƙungiyar masu yashin su tsare ta da kansu.

Tsatsa, lodi da shekaru

Kankare yana da ƙarfin ɗaukar danniya, amma ba ya jure ja, shi ya sa ake saka masa rodi. Muddin kankaren ya lulluɓe rodin da kauri yadda ya kamata, ƙarfen na iya shekaru da dama lafiya. Idan aka yi rowar siminti, ko aka kwaɓa da yashi mai laka, ko rodin ya matso kusa da fata, danshi na samun hanya. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ba-ninki, don haka tana kumbura daga ciki ta fasa kankaren, fasawar ta ƙara buɗe wa ruwa ƙofa. Jan tabo mai gangarowa a jikin gada alamar wannan ce. Gadar Morandi ta birnin Genoa a Italiya, da aka buɗe a 1967, ta rufta ranar 14 ga Agustan 2018 ta kashe mutum 43, kuma tsatsar wayoyin ƙarfen da aka binne cikin kankare ita ce a tsakiyar binciken.

Sai lodi. Yawancin hanyoyin karkara an yi kwalbatocinsu ne da tunanin a-kori-kura da amalanke. Yau tifa mai taya goma ce ke bi cike da jiƙaƙƙen yashi, ko tirelar taki. Da zarar babbar hanya ta yanke kuma, duk manyan motocin sai su karkato kan ƙananan hanyoyin da ba a gina domin su ba, ɓarna ɗaya ta haifi ta biyu.

Shekaru su kaɗai ba sa kayar da gini, amma suna canza lissafin da aka yi shi a kai. Madatsar Tiga an kammala ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuma a 1992, kuma ruwan da suke saki ta ƙarƙashin gadar Wudil yake wucewa zuwa Haɗeja. Injiniyan da ya auna faɗin kwalbati shekara arba'in da suka wuce ya yi lissafi ne da dajin da ke shanye ruwa a lokacin. An sare dajin, an noma fadamar, an yi gini a kan hanyar ruwa. Ruwan sama iri ɗaya yanzu yana isowa bakin kwalbatin da sauri kuma da yawa fiye da da.

Me na'urori za su iya?

A manyan gadojin duniya ana manna ƙananan na'urori masu jin girgiza da karkata. Kowace gada tana da irin kaɗawarta, kamar yadda kowace ganga ke da sautinta. Idan wani abu ya saki a jikinta, kaɗawar na canzawa, na'urar ta aika saƙo. Abin sha'awar shi ne, irin wannan na'ura mai jin motsi tana cikin wayar da ke aljihunka, ita ce ke juya allo idan ka kwantar da wayar. A 2022 masu bincike daga jami'ar MIT suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a gadar Golden Gate, inda suka nuna cewa bayanan wayoyin da ke cikin motoci masu wucewa, har da na direbobin Uber, na iya fitar da kaɗawar gadar. Sai dai wannan ya fi aiki a doguwar gada mai lilo. Kwalbatin mita uku ba ta da kaɗawar da waya za ta ji.

Akwai taurarin ɗan'adam na Sentinel-1 na Tarayyar Turai, masu amfani da rada, da ke iya gano nutsewar gini ta 'yan milimitoci, kuma bayanansu kyauta ne. Jirgi maras matuƙi mai kyamara yana shiga ƙarƙashin gada inda tsani ba ya kaiwa. Ƙaramar na'urar auna zurfi da sauti, irin wadda masunta a wasu ƙasashe ke neman kifi da ita, idan aka ɗaura ta a kwale-kwale za ta nuna ramin da ke gindin ginshiƙi tun ruwa bai janye ba. A ganina wannan ta ƙarshe ce ta fi dacewa da gada irin ta Wudil, kuma ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a garin, da ɗaliban injiniya da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara. Ta fuskar gargaɗi kuma, NiMet da NIHSA na fitar da hasashen damina da na ambaliya duk shekara, shafin Flood Hub na Google ma yana nuna hasashen cikar manyan koguna a Nijeriya.

Ga ƙauye irin Balan, kayan aikin da ya fi araha waya ce mai kyamara da sanda mai tsawon mita biyu da aka yi wa zane duk santimita goma. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da rafi ya ƙafe, a sauka ƙarƙashin kwalbati. A kunna alamar wuri a kyamara domin hoton ya ɗauki taswira da kwanan wata. A jingina sandar a gindin bango a ɗauki hoto, a ɗauki bakin shiga da bakin fita, da duk inda rodi ya bayyana ko bango ya tsage, da gefen da ya haɗu da hanya. A soka sandar a yashin gindi a ga inda take tsayawa. Bayan damina a koma daidai wurin a maimaita. Hoto ɗaya ba ya cewa komai, amma hotuna biyu na wuri ɗaya da tazarar wata shida hujja ce da injiniya zai karanta cikin minti guda. Na taɓa gwada haka a wata kwalbati da nake bi zuwa gona, na tarar ƙasar bakin fita ta yi ƙasa da kusan taki biyu a damina ɗaya, alhali daga sama ko tsaga babu.

Wa ke da gadar?

Nan ne gizo ke saƙar. Babbar hanya ta Gwamnatin Tarayya ce, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ke da alhakin gyaranta. Hanyoyin jiha na ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da hukumar KARMA. Na karkara kuma, wata ƙaramar hukuma ce ta yi, wata aikin mazaɓa ce ta ɗan majalisar da ya daɗe da barin kujera, wata gayya ce ta mutanen gari. Kwalbatin da ba a san mai ita ba, babu mai duba ta.

Amurka ma sai da ta sha wuya ta koyi wannan. Ranar 15 ga Disambar 1967 gadar Silver da ke kan kogin Ohio ta faɗi da mutane, 46 suka mutu, sanadin wata tsaga da ba ta kai milimita uku ba a jikin ƙarfe guda. Bayan haka ne aka kafa dokar rajistar gadoji da duba kowacce aƙalla duk shekara biyu. Amma rajista ma ba ta wadatar idan ba a aiki da ita. Gadar Fern Hollow ta birnin Pittsburgh ta rufta ranar 28 ga Janairun 2022, bayan shekaru masu duba ta suna rubuta cewa magudanan ruwanta sun toshe kuma ƙafafunta na ruɓewa. Rahotannin suna nan a ajiye, gyaran ne ba a yi ba.

Don haka hotunan da matasan gari za su ɗauka kada su ƙare a zauren WhatsApp. A buga su a takarda, a haɗa da wasiƙa mai kwanan wata da sa hannun dagaci, a kai sashen ayyuka na ƙaramar hukumar Gaya ko Ajingi, a karɓi shaidar an karɓa, a aika kwafi ga kansila da ɗan majalisar jiha. Yashe bakin kwalbati da jera duwatsu a bakin fita domin karya ƙarfin ruwa kuwa aikin gayya ne na yini guda, kuma lokacinsa kafin ruwan farko ne.

Idan kuma damina ta riga ta kankama, ka iso ka tarar ruwa na gudu a kan kwalbati, ka tuna ba ka ganin ko cikon gefenta yana nan. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Kafe kara a bakin ruwan, ka koma gefe ka ga ko yana hawa ko yana sauka.